Tsakanin hannun uwa da hannun mai reno

Assalamu alaikum. Ni mai reno ce, kuma na daɗe a wannan aiki. Da safe iyaye suna miƙo mana 'ya'yansu su wuce wajen nema, mu kuma mu riƙe amanar har yamma. Muna da jariran da ba su daɗe da fara zama ba, muna da masu rarrafe, muna da waɗanda bakinsu ya buɗe suna shirin shiga makaranta. Ba reno na karanta ba. Aikin ofis nake yi a da, ɗana na fari ne ya kawo ni nan, kuma ta dalilin abinci. Na ga ya kamata in ba da labarin saboda iyayen da ke shirin kai yaro gidan reno, da kuma 'yan uwana masu wannan sana'a, musamman sababbin shiga.

Na shayar da ɗana nono zalla har wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, sannan na fara haɗa masa da abinci mai laushi. Yana karɓar duk abin da na ba shi, har ranar da na dafa ƙwai na murje masa kaɗan a cokali. Kafin in kwashe kwanuka kewayen bakinsa ya yi jawur, borin jini ya feso masa a wuya da ciki, sai amai. A asibiti aka yi gwaji, likita ya tabbatar mana jikinsa ba ya jituwa da ƙwai. Ya yi mana bayani cewa garkuwar jikin yaron ce take ɗaukar wani sinadari na cikin ƙwan a matsayin abokin gaba, sai ta tashi yaƙi da shi. Ya kuma gargaɗe mu cewa sauƙin da abin ya zo da shi a karon farko ba ya nufin haka zai zo a na gaba, domin yana iya kumbura maƙoshi ya toshe numfashi, jinin yaro ya sauka cikin mintoci. Ya rubuta mana allurar adirenalin ta gaggawa, irin wadda ake cakawa a cinya, ya ce duk inda yaron zai je ta bi shi.

Da lokacin komawata aiki ya yi, na samo masa gidan reno mai tsabta, ma'aikatansa masu fara'a. Na zauna da matar da ke kula da ɗakinsu na zayyana mata komai, na nuna mata allurar a aljihun jakarsa. Mace ce mai tsoron Allah, kuma ta riƙe maganar gam. Watanni suka wuce ba a taɓa samun matsala ba, har hankalina ya kwanta.

Ranar da abin ya faru ba ta zo aiki ba, nata ɗan ne ba lafiya. Aka ɗauko wata daga ɗakin manyan yara ta tsaya mata. A ranar kuma wata uwa ta kawo kek don murnar zagayowar ranar haihuwar 'yarta, aka yayyanka aka raba wa yara. Ɗana yana ganin kowa yana ci ya miƙa hannu, ita kuma baiwar Allah ta gutsura masa don kada ya ji an ware shi. Ina zaune a ofis wayata ta yi ƙara.

"Maman yaro, don Allah ki zo yanzu. Leɓensa ya kumbura, yana kuka amma muryar ba ta fita sosai."

Na tambaye ta me ya ci. Tana cewa kek jikina ya yi sanyi. Na ce mata kada ta jira ni, ta buɗe ƙaramin aljihun jakarsa. Ina jin hannunta yana rawa da zif ɗin, ina jin sauran yara suna kuka a bayanta. Ta ce, "Anti, ban taɓa yi wa kowa allura ba, ina tsoro." Na ce ta cire murfin, ta riƙe ƙafarsa da kyau, ta caka a gefen cinya ta waje, ko ta saman wando ne, ta danna ta riƙe. Ta yi. Bayan ɗan lokaci na ji kukansa ya buɗe ta cikin wayar, kuka mai ƙarfi, kuma ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar na ranar ba. A asibiti na same su, domin ko allurar ta yi aiki dole a kai yaro, alamomin suna iya dawowa bayan awanni. Allah ya kiyaye, washegari aka sallame mu.

Na yi fushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na koma gidan renon da niyyar kwashe kayansa. Shugabar gidan dattijuwa ce, Hajiya muke ce mata. Ba ta kare kanta ba, ba ta kuma ɗora laifin a kan yarinyar da ta ba shi kek ɗin ba. Ta bari na gama faɗa, sannan ta ce, "'Yar nan, kina da gaskiya. Amma ki duba inda aka samu ɓarakar. Maganar da ke tsare ran ɗanki tana cikin kan mutum ɗaya, ranar da mutumin bai zo ba maganar ma ba ta zo ba. Ko kin kai shi wani gidan, in haka suke yi, abin da zai faru ke nan. Ki zauna mu gyara."

Wannan magana ce ta canza mini rayuwa. Tun daga ranar na fahimci cewa abincin yaron da ke gidan reno yana bi ta hannaye da yawa: uwa ta dafa ko ta saya, uba ya kawo, wata ta karɓa a ƙofa, wata ta ɗumama, wata ta ba shi. Kowa a cikinsu yana son yaron. Haɗarin yana shiga ne a wurin miƙawa, inda kowa yake zaton ɗayan ya sani.

Muka zauna ni da Hajiya muka tsara takarda ga duk yaron da ke da irin wannan lalura: hotonsa, sunansa, abin da ba ya ci, alamomin da za a gani, inda maganinsa yake, da lambar iyayensa. Aka manna ɗaya a kicin, ɗaya a ɗakin cin abinci. Aka ware masa faranti da kofi masu launi daban, kuma nasa ake fara zubawa da cokali mai tsabta kafin a taɓa na sauran, domin ɗan abin da ya maƙale a cokali ko wuƙa ya isa ya tayar da ciwon. Kowace ma'aikaciya, har mai shara, ta koyi yadda ake caka allurar. Aka daina karɓar abincin rabo daga waje sai an san abin da ke cikinsa. Mun kuma koyi karanta jikin kwali da leda, saboda ƙwai da madara da alkama suna ɓuya a biskit, burodi, taliya da abubuwa da yawa da ba a zato. A Amurka doka ta ware abinci 9 da dole a bayyana su a jikin kaya: madara, ƙwai, gyaɗa, 'ya'yan itatuwa masu ɓawo irin su kashu, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, alkama, waken soya, sai riɗi da aka ƙara a 2023. A Tarayyar Turai jerin ya kai 14.

Da farko ranakun hutuna nake zuwa in taya su. Daga baya na yi kwas na kula da ƙananan yara da na agajin gaggawa, na ajiye aikin ofis na dawo nan gaba ɗaya. Mutane da yawa sun yi mamaki, amma ni na san abin da ya ja ni.

Abu na farko da Hajiya ta hore ni a kai shi ne zama. Lokacin cin abinci ba a wanke-wanke, ba a duba waya, ba a juya wa yara baya don ɗauko wani abu. Mai reno tana zaune a gabansu, tsayinta daidai da nasu, idonta a kan bakunansu. Na ɗauka tsanani ne kawai irin na manya, sai da na gani da idona. Wata yarinya ce mai shekara biyu da 'yan watanni, an sako mata inabi daga gida, kuma ɗaya ya tsallake ba a yanka ba. Tana cikin ci wani yaro ya yi abin dariya, ta ja numfashi za ta yi dariya, sai kawai ta yi tsit. Ba tari, ba kuka, ba ko ƙara. Idanunta suka firfito, bakinta a buɗe, hannunta ɗaya ya kai wuya, fuskarta ta fara canzawa. Da ina bakin famfo ina ɗauraye kofuna, wallahi ba abin da zan ji. Na ɗauke ta na kifa ta a kan cinyata, kanta ƙasa, na buga tsakanin kafaɗunta da tushen tafin hannu. A bugu na uku inabin ya faɗo ƙasa, cif yadda yake, ko tabon haƙori babu.

Wannan shirun shi ne abin da nake so kowa ya sani. Yaron da ya ƙware yana tari da ƙarfi, fuskarsa ta yi ja, yana kuka, iska tana wucewa, sai a bar shi ya yi tarin, a tsaya kusa. Wanda hanyar numfashinsa ta toshe gaba ɗaya ba shi da iskar da zai yi ƙara da ita. Hanyar numfashin ƙaramin yaro faɗinta bai wuce ɗan ƙaramin yatsansa ba, turamen haƙoransa na ƙarshe kuma ba sa gama fitowa sai wajen shekara biyu da rabi zuwa uku, ko sun fito ma bai iya niƙa abu sosai ba tukuna. Shi ya sa duk abin da yake zagayayye, ko mai tauri, ko mai santsi, ko mai danƙo, abin tsoro ne. Inabi da ƙananan tumatir muna tsaga su ta tsawo gida huɗu, domin in aka yanka su a kwance suna nan zagaye yadda za su toshe. Karas da tuffa ɗanye muna gurza su ko mu dafa su yi laushi. Nama a yayyanka ƙanana, kifi a tsince ƙaya da yatsa a sake dubawa. Gyaɗa gudanta, gugguru, alawa mai tauri da cingam ba sa shiga ɗakin yaran da ba su kai shekara 5 ba. Yaro kuma ba ya ci yana tafiya, ko yana kwance, ko yana kuka.

Idan abin ya faru, jaririn da bai kai shekara ba ana kifa shi a kan hannu ko cinya, kai ƙasa, a buga baya har sau 5, in bai fita ba a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau 5, a yi ta maimaitawa yayin da wani yake kiran agaji. Wanda ya haura shekara, bayan bugun baya ana danna cikinsa sama da cibiya zuwa sama, dabarar da likitan nan na Amurka Henry Heimlich ya bayyana a 1974. Ba a danna cikin jariri. Ba a zura yatsa a lalubi abin da ba a gani ba, yana iya tura shi ciki. Ba a kuma ba shi ruwa. Amma karanta wannan bai wadatar ba, sai mutum ya gwada da hannunsa a jikin 'yar tsanar koyo, a gaban wanda ya iya. A wurinmu sabuwar ma'aikaciya ba ta ciyar da yaro ita kaɗai sai ta yi wannan horon.

Sai maganar abincin da ake kawowa daga gida, wadda ita ce ta fi yawan jawo mana ciwo ba tare da an lura ba. Uwa ta tashi tun asuba ta dafa, ta zuba a kula, yaron kuma ba zai ci ba sai bayan azahar. Idan kular mai kyau ce, abincin yana nan da zafinsa. Idan ta tsufa, ko roba ce kawai aka zuba a ciki, abincin zai yini yana ɗumi-ɗumi, kuma wannan ɗumin shi ƙwayoyin cuta suka fi so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salsiyos suke hayayyafa da sauri, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a ɗaki. Abincin da ya fara ɓaci sau da yawa ba ya wari, ba ya canza ɗanɗano. Shinkafa ma, da mutane suke gani ba ta da haɗari, tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus, wadda ke jure dahuwa, in shinkafar ta daɗe a waje ta saki guba, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubar. Don haka duk abin da aka kawo muna rubuta sunan yaro a jiki, mu sa a firiji nan take, lokacin ci mu ɗumama har ya yi tururi ciki da waje, mu juya, mu bari ya huce. Sau ɗaya ake ɗumamawa. Abin da yaro ya ci ya rage ba ya komawa firiji, domin yawunsa ya riga ya shiga.

Nonon uwa da aka tatsa yana da nasa ƙa'ida: har awa 4 a ɗaki, har kwana 4 a firiji, kuma a cikin ruwan ɗumi ake tsoma kwalbar. Ba ma sa shi a na'urar ɗumama abinci ta lantarki, saboda tana barin wani wuri da zafi sosai ya ƙona bakin jariri alhali kwalbar a waje ba zafi. Madarar gwangwani ta jarirai kuwa, garinta ba a tace yake daga ƙwayoyin cuta ba, shi ya sa ake dama ta da tafasasshen ruwan da bai huce ƙasa da digiri 70 ba, sannan a sanyaya. Abin da jariri ya sha ya rage a bulumboti, in awa ɗaya ta wuce, zubarwa ake yi. Na san zubar da madara yana da ciwo, iyaye da guminsu suka saya, shi ya sa muke dama kaɗan-kaɗan.

Wani zai ga kamar mun cika kaffa-kaffa. Amma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Gudawar da babba zai yi kwana ɗaya ya miƙe, ita ce za ta tsotse ruwan jikin jariri cikin awanni. A gidan reno kuma yara suna taɓa abin wasa ɗaya, suna sa hannu a baki, suna sumbatar juna. Wadda take canza kunzugu a ranar ba ita take zuba abinci ba in dai akwai hali, kuma wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 wajibi ne ga manya da yara kafin ci da bayan bayan-gida. Katakon yanka ɗanyen nama daban, na kayan marmari daban.

Game da abin da ke cikin farantin kansa, a nan ne na fi koyon haƙuri da iyaye. Akwai wata uwa da kullum jakar ɗanta cike take da biskit, alawa da lemon kwali, yaron kuma in aka zuba abinci ko kallonsa ba ya yi. Na daɗe ina neman yadda zan yi mata magana ba tare da ta ji na raina tarbiyyarta ba. Ran nan da yamma na ce, "Maman yaro, in ba damuwa ki ɗan zauna mu yi magana." Ina fara bayani sai hawaye. Ta ce, "Anti, tun duhu nake fita, sai dare nake dawowa. In na bar shi yana kuka, abin da nake iya saka masa a jaka ya ji daɗi ke nan." Na gane soyayya ce da jin nauyin barinsa. Ban ce ta daina komai rana ɗaya ba. Na nuna mata cewa cikin yaro ƙarami ne, in zaƙi ya cika shi babu wurin abincin da zai gina jikinsa. Muka fara da maye lemon da ruwa, biskit da ayaba ko yankan gwanda. Ya yi bori na ɗan lokaci, daga baya ya saba.

Masana sun yi ittifaƙi a kan kada a ƙara wa abincin yaro sukari kafin ya cika shekara 2. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2017 kada a ba jariri ɗan ƙasa da shekara ruwan 'ya'yan itace, daga shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce kimanin mililita 120 a rana, ɗan itacen kansa ya fi. Gishiri ma haka: hukumar lafiya ta Ingila ta ce jariri bai kamata ya kai giram 1 a rana ba, ɗan shekara 1 zuwa 3 kada ya wuce giram 2, saboda ƙodarsu ba ta yi ƙwari ba. Shi ya sa muke ɗibar na yara kafin a sa gishiri da sinadarin ɗanɗano a tukunya. Zuma kuwa, duk da amfaninta, ba a ba yaron da bai cika shekara ba ko ɗigo, domin tana iya ɗauke da ƙwayar Clostridium botulinum, wadda hanjin jariri ba ya iya yaƙa, ta saki gubar da ke kashe ƙarfin jiki har ta taɓa numfashi. Kakanni sukan yi mini musu a kan wannan, ni kuma ina lallashinsu har su yarda.

Abin da na fi sa wa ido shi ne sinadarin ƙarfe mai gina jini. Ajiyar da jariri ya zo da ita daga ciki tana fara ƙarewa wajen wata 6, kuma ƙarancinsa yana taɓa kaifin ƙwaƙwalwa, ba jini kaɗai ba. Don haka nama, hanta, kifi, wake da ganye ba sa yankewa a jadawalinmu, muna haɗa su da lemu ko tumatir saboda bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotse shi. Shayi akasin haka yake yi, shi ya sa ba ma ba yara. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke amfani da shi shi ne yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla rukuni 5 cikin rukunan abinci 8 a rana, kuma nonon uwa yana cikin lissafin. Tunda yaron yana cin wani abincin a gida wani a wurinmu, ba wanda zai san ko ya cika sai mun gaya wa juna.

Ba ma yi wa yaro ɗura, ba ma bin sa da cokali, ba ma cewa in ka cinye za a ba ka alawa. Wata masaniyar abinci Ba'amurkiya, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu: babba shi ke zaɓar abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro shi ke zaɓar ko zai ci da yawan da zai ci. Da na fara jin haka na ɗauka yara za su zauna da yunwa. Abin da na gani shi ne yaro mai lafiya in ya ci kaɗan da rana yakan rama da yamma, kuma tura abinci bakin yaron da ke kuka hanya ce ta shaƙewa kai tsaye. Sabon abinci yakan ɗauki gwaji goma ko fiye kafin yaro ya karɓa. A nan gidan reno yana da wata fa'ida da gida ba shi da ita: yaron da ya ƙi kabewa a hannun uwarsa, in ya ga na kusa da shi yana ci yana lashe yatsa, sai ka ga ya miƙa hannu. In kuwa ƙin cin ya daɗe ko yaro yana ramewa, muna cewa a kai shi a auna a ga likita.

Iyaye da yawa in suka ji labarin ɗana sai su ce to su ba za su ba nasu ƙwai ko gyaɗa ba sai ya girma. Ina gaya musu bincike ya nuna akasin haka. A 2015 wani bincike da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, a kan jarirai sama da 600 da ke cikin haɗarin kamuwa da lalurar rashin jituwa da gyaɗa, ya gano cewa fara ba su gyaɗa da wuri ya rage kamuwa da lalurar da kusan kashi 80 cikin 100. Niƙaƙƙiya ake nufi, a dama ta da ruwa-ruwa, kuma yaron da ke da ƙyasbi mai tsanani ko wata alama a fara tuntuɓar likita. Roƙona kawai shi ne duk sabon abinci a fara ba da shi a gida, da rana, ɗaya bayan ɗaya, inda uwa za ta zuba ido, kafin ya iso wurinmu. Shi ɗan nawa, alhamdu lillahi, yana cikin yara masu yawa da lalurar ƙwai take sakinsu in sun girma. A asibiti aka gwada shi kaɗan-kaɗan likita yana tsaye, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada wannan a gida.

Yanzu ni ke tsayawa a ƙofa da safe. Duk saurin da uba ko uwa suke yi, sai na tambaya: ya kwana lafiya? Ya karya? Ya ci wani sabon abu jiya? Yana shan magani? Da yamma kuma mu ne masu ba da bayani: abin da ya ci, yawan da ya ci, ruwan da ya sha, da yadda bayan-gidansa yake. Duk a rubuce, don wadda ta karɓe shi da safe ba lallai ita ce za ta miƙa shi da yamma ba.

Wurin da har yau yake mini nauyi shi ne yaron da ya kwana yana amai ko gudawa. Ƙa'idarmu ita ce ya zauna a gida sai ya yi awa 48 da tsayawar ciwon, ana ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinki, a ci gaba da shayarwa da ciyarwa. Na san iyayen da in suka rasa aiki kwana biyu za a yanke musu albashi ko a sallame su, kuma wasu saboda haka sukan yi shiru su ajiye yaron su wuce, sai tsakar rana mu gani a kunzugu. Ba na zaginsu, na taɓa zama ma'aikaciya mai goyo, na san matsin. Amma a ɗakin akwai jarirai da ba su kai wata bakwai ba, kuma su ma amana ne a hannuna. Don haka ina kiran uwar in ce ta zo, in taya ta neman wanda zai zauna da shi a cikin dangi ko maƙwabta, wani lokacin har in rubuta mata takardar da za ta kai wa shugabanta a wurin aiki.